Wasiƙa daga Kiel: jiragen da ke kashe janareto a bakin gaɓa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida.

Ka tambaye ni abin da ya fi burge ni cikin ayyukan da hukuma ke yi wa jama'a a nan Jamus. Na san kana jiran in ce jirgin ƙasa ko asibiti. Waɗannan ma suna da kyau, amma abin da nake so in ba ka labarinsa yana tashar jiragen ruwa ta Kiel, kuma kebul ne na wutar lantarki.

A Kiel tashar tana tsakiyar gari, daf da tashar jirgin ƙasa da shaguna da gidajen mutane. Kullum da safe manyan jiragen fito biyu suna shigowa: na kamfanin Color Line daga Oslo ta ƙasar Norwe, tafiyar awa 20, da na Stena Line daga Göteborg ta Suwidin. Kada ka ji na ce jirgin fito ka ɗauka ƙarami ne. Color Magic, ɗaya daga cikin jiragen Color Line, tsawonsa ya haura mita 220, yana ɗaukar fasinja fiye da 2,000, ban da motoci da tireloli. Na Oslo yakan iso ƙarfe 10 ya tashi ƙarfe 2 na rana, na Göteborg kuwa wuni yake yi sai yamma.

Jirgi ko ya tsaya bai huta ba. Firji na aiki, ana dafa abinci, ana dumama ɗakuna, fitilu da famfuna ba sa mutuwa. Don haka ana kashe babban injin tafiya a bar janaretocin gas suna ta ruri. Ka san halin da layinmu ke shiga idan an ɗauke wuta kowa ya tayar da nasa. To wannan ya ninka haka ba adadi, kuma kowace rana ne. Hayaƙin yana ɗauke da sinadaran salfa da naitirojin da wata ƙura da ido ba ya gani, wadda ke shiga can cikin huhu. Masu asma da yara da tsofaffi su ke fara ji a jikinsu.

Maganin da suka samo shi ne a ja wa jirgin wuta daga gari. Da an ɗaure shi, sai a miƙa masa wani ƙaton kebul da ƙugiya, a jona, a daidaita wutar gari da ta jirgi, sannan a kashe janareto ba tare da ko fitila ɗaya ta ƙifta ba. Ƙarfin wutar yakan kai bolt 6,600 ko 11,000, ba 230 na soket ɗin ɗaki ba. Akwai kuma wata wahala: wutar Turai tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar tamu, jirage da yawa kuwa sau 60 suke so, sai an kafa na'urar da za ta juya ta. Nan kuɗi ke tafiya. Shi ya sa a nan aka fara da jiragen fito, tunda kullum wuri ɗaya suke tsayawa, abin da aka kashe ba zai zauna a banza ba.

Idan aka gwada garuruwan nan uku, Kiel ce ta makara. Göteborg ta fara ba jiragen kaya wuta mai ƙarfi tun 2000, Oslo ta jona Color Magic a 2011, amma a Kiel sai 2019 jiragen Color Line suka samu. Shekaru da dama ke nan jirgi ɗaya yana shiru a Oslo, ya zo nan ya buɗe wa mutane hayaƙi. Wannan abu ya ba ni haushi ƙwarai, domin huhun ɗan Kiel da na ɗan Oslo duk ɗaya ne. Babban dalili shi ne farashi. Wutar Norwe, kusan kashi 90 cikin 100 daga madatsun ruwa take, ga araha ga tsabta. A Jamus haraji ya sa wutar gari ta fi ƙona gas tsada, sai da gwamnati ta sassauta kafin lissafin ya yi wa masu jirage daidai. Kuma idan da gawayin kwal aka samar da wutar, an dai kwashe hayaƙin ne daga wannan unguwa an kai wata.

Yanzu Tarayyar Turai ta mai da shi doka: daga 2030, manyan jiragen fasinja da na kwantena dole su jona wutar gari a manyan tashoshinta idan za su tsaya fiye da awa biyu.

Abin da ya tsaya mini a rai, Yaya, shi ne amincin da ke tsakani. Kyaftin ba zai kashe janaretonsa ba, da dubban mutane a wuyansa da firji cike da abinci, sai ya tabbata ba za a ɗauke masa wuta ba. Mu ma muna da Kainji da Jebba da Shiroro, muna da hasken ranar da mutanen nan ke marmari. Jiragen da ke Apapa ma suna ƙona gas a tsaye, ma'aikata da mazauna wurin suna shaƙa. Kebul da taransifoma ana iya sayo su a shekara ɗaya, amma ba mai jirgin da zai yarda ya jona sai wutar ta zauna dare da rana. Ina fata Allah ya nuna mana lokacin da za a fara gyara daga nan.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gai da matarka da yara. Ka huta lafiya.

Ƙaninka.