Gyaran Tsakar Gida Da Intalok: Ruwa Ya Samu Hanya, Lambuna Ya Ji Jiki

Wanda ya yi min gyaran tsakar gida ya iya aikin ruwa da siminti, wannan ba na musu a kai. Idan tsakar gidanka fili ne kawai na ajiye mota da shanya, kira irinsa ka kwanta da hankalinka. Amma idan kana da 'yan shuke-shuken da ka daɗe kana raino, akwai asarar da ba za ka gani a takardar kiyasi ba, kuma ita nake so in fi tsayawa a kanta.

Matsalar gidana a Rijiyar Zaki irin wadda ta zama ruwan dare ce a unguwannin da gini ya riga hanya zuwa. Yau wannan ya zuba tifar marmara a ƙofar gidansa, gobe wancan ya ɗaga tasa, har layi ya fi tsakar gidana tudu. Da Agusta ta kama, watan da ruwa ya fi nauyi a Kano, ruwan cikin gida ba ya fita, na waje ma shigowa yake idan leda ta toshe kwata. Katangar baya ta tsage tun daga tushe, murfin sokawe ya lotsa. Aikin da na bayar ke nan: a sake sokawe, a gyara tushen katanga, a fitar wa ruwa hanya, a shimfiɗa intalok, wato duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa maimakon daɓe. A cikin wannan filin kuma akwai mangwaro, gwaba, lemun tsami guda biyu, zogale da lalle a jere jikin katanga, darbejiya a can ƙurya, da fangalin da uwargida take tsinko alayyahu da yakuwa da ɗoɗɗoya.

Matashi ne ɗan kwangilar, yaransa Injiniya suke ce masa, ni ma haka na riƙa kiransa. Abin da ya fara burge ni, bai ce a cike gidan da ƙasa har ya kamo titi ba, kamar yadda wani ya ba ni shawara kafinsa. Ya zagaya da siririn tiyon nan mai ruwa da magina ke auna daidaito da shi, ya nuna min cewa in aka yi haka tsakar gida zai haura dokin ƙofar ɗakuna, ruwan da nake gudu ya koma falo. Sai ya nemo inda ya fi kwari, ya gina ɗan rami mai murfin ƙarfe, ya ja bututu zuwa lambatun layin baya wanda ya fi namu gangara. Kafin a jera intalok ya sa an daɓe marmara da inji, ba da ƙafar lebura ba, aka baza yashi, aka ɗaure gefe da kankare don kada duwatsun su riƙa gudu. Damina ta zo ta wuce, duk ruwan da aka tafka kafin a idar da salla ya tsiyaye. Nan kam ya ci kuɗinsa.

Batun kuɗi kashi biyu ne. Akwai wanda ba laifinsa ba. Aikin ya faɗo a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar ya dawo tsakanin 7,000 zuwa 8,000. Kiyasin da aka rubuta ranar Asabar ba lallai ya kai Laraba ba. Kuɗin a-kori-kura mai ɗauko rodi da bututu daga Ƙofar Ruwa shi ma ba irin na kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 ba ne. Duk wannan na yafe. Kashin da ya ɓata min rai shi ne abubuwan da ya san dole za a yi amma bai sa a takarda ba: yashe tsohon sokawe kafin a rushe shi, kwashe ɓaraguzai, abincin ranar leburori, da ruwan aiki. Siminti ruwa yake sha, kuma famfo ba ya zuwa mana, don haka kurar 'yan garuwa ta yi ta zarya. Duk wanda na tayar sai ya ce, "Ai wannan na maigida ne, Alhaji." Da na tattara lissafi, abin da ya fita daga aljihuna ya ɗara kiyasin farko da kusan rabi.

Sai lambu. A idon magini tsakar gida daɓe ne da ba a gama ba, shuka kuwa abu ne da ya tare hanya. Ba mugunta ba ce, ba a koya musu kallon ƙasa a matsayin abin da ke ciyar da wani abu ba. A kan ƙasa tsirara suka riƙa kwaɓa siminti, dab da lemun tsamin da ya fi ba mu 'ya'ya, saboda nan ne inuwa. Da yamma kuma su ɗauki shebur da kwanon sarki da baro su wanke a gindinsa da gindin gwaba. Na tarar da wani yaro yana juye farin ruwan nan, na ce ya tsaya, ya dube ni da zuciya ɗaya ya ce, "Baba, ai ban ruwa nake yi masa." Ruwan siminti yana da kaifi, shi ne yake cin tafin hannun lebura ya tsattsaga shi. In ya shiga ƙasa yana ƙona ƙananan saiwoyi, kuma yana sauya ƙasar yadda itacen ba zai iya jan sinadarin ƙarfe daga cikinta ba, lemu kuwa ba ya jure wannan. Ba a daɗe ba sababbin ganyen suka fito rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ne kore, daga nan suka fara zuba. Gwaba ta farfaɗo, lemun bai kai damina ba.

Asarar da ta fi wannan ba ta da ganye balle a gan ta. Baƙar ƙasar da ke saman fangali ba ta wuce zurfin taƙi ɗaya ba, amma shekaru aka yi ana haɗa ta da takin tumaki da ruɓaɓɓen ganye da dussar shara. Jar ƙasar da aka haƙo daga ramin sokawe a kanta aka jibge, da aka tashi kwashewa kuma aka haɗa su duka aka zuba a tifa. Wato na biya kuɗi an fitar min da ita daga gida, sannan na sake biyan kuɗi na sayo wata a wajen masu sayar da dashe na bakin titi. Wadda na sayo ta zo da aya-aya da ƙiri-ƙiri, har yau ana cirewa. Ban ce gyaran gangar Auzinawa aka yi min ba, amma uwargida da ta koma sayen alayyahu a bakin layi tana da nata ra'ayin.

Mangwaron shi filamba ne ya taɓa shi. Hanya miƙaƙƙiya yake so, saboda kowace kwana ƙarin gwiwar bututu ce, ga kuma tsoron toshewa. Ramin ya ratsa ƙarƙashin inuwar bishiyar, inda saiwoyin da take shan ruwa da su suke kwance kusa da saman ƙasa. Na ce ko a bi ta ƙarƙashin manyan ba sai an sare ba, ya ce, "Saiwa ai tana sake tofowa, Alhaji." Tana tofowa, amma ba a shekarar ba. Reshen wannan ɓangaren ya bushe, gara ta samu ƙofa, 'ya'yan da ya ɗauka kuma suka kakkaɓe tun suna ƙanana. Inda na kafe shi ne da na ga za a cike ƙasa a kai intalok har jikin kututture. Ƙasar da aka tara a jikin bishiya tana ruɓar da ɓawonta. A nan Injiniya ya saurare ni, ya bar wa kowace bishiya fili zagaye da ɗan dakali, abin ma ya yi kyau.

In yi masa adalci, a kan darbejiya shi ke da gaskiya. Da aka buɗe tsohon sokawe saiwoyinta ne cike a ciki, su ne suka bi danshi suka fasa bulo suka ɗaga katanga. Dole aka sare ta.

Akwai kuma halin nan na 'yan kwangila na kama aiki biyu da kafin alƙalami ɗaya. Ana tsaka da aiki suka ɓace zuwa wani gini, waya tana shiga ba a ɗauka. Zogale da lallen da aka tuge aka ajiye a buhu, da niyyar a mayar da su da wuri, nan suka zauna cikin zafin bazara har mafi yawansu suka ƙone. Zogale da sauƙi, reshe kake cakawa ya kama. Wanda zai yi irin wannan aiki kuma yana da shuka, bayan ɗaukewar damina ya fi masa, lokacin da dashe ke jure ƙaura, sai dai a dage da ba wa sabon siminti ruwa saboda iskar hunturu tana saurin busar da shi ya tsage. Kuma a rubuta tun farko inda za a kwaɓa siminti, inda za a wanke kaya, a fara kwashe baƙar ƙasa a tara gefe kafin diga ta taɓa ƙasa, a taka hanyar bututu tare da filamba ƙafa da ƙafa.

Abin da babu wanda ya faɗa min shi ne intalok yana riƙe zafi. A watan Afrilu har bayan magariba filin huci yake, shukar da ke gefensa tana laushi tun hantsi. Ruwan saman da a da yake nutsewa bishiyoyi su sha, yanzu bututu ne yake kai shi layin baya, ni kuma in sayi na jarka in zuba musu. Da zan sake tsara filin, mota da hanyar tafiya kawai zan yi wa intalok, sauran in bar shi ƙasa.

Cikon kuɗinsa na riƙe har sai da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, bai ji daɗi ba amma ya yarda. Daga baya wani lungu kusa da tankin ruwa ya lotsa, na kira shi ya turo yaro ya ɗaga duwatsun ya sake daɓewa, bai karɓi ko sisi ba. Da na yi masa maganar lemun, sai ya aiko da dashe mai aure a leda, wanda in Allah ya raya shi sai ya yi kamar shekara uku kafin a tsinki na shayi. Yanzu ina shirin ba shi aikin ƙofar gida ta waje, inda babu ko tsiro ɗaya.