Giya a gidan mai da tsakar dare: Ingila ko Faransa?

A Ingila ƙaramar hukuma ce ke da wuƙa da nama. Dokar lasisi ta 2003 ta hana sayar da giya a wurin da babban aikinsa sayar da mai ne, don haka mai wurin kan kawo lissafin ciniki ya nuna masu sayen burodi da madara sun fi masu shan mai. Sai ya manna shuɗiyar takardar sanarwar neman lasisin sayar da giya a waje. Maƙwabta na da kwana 28 su kai ƙorafi, in sun kai kansiloli su zauna su saurara: hayaniyar ƙarfe biyun dare, fasassun kwalabe a bakin ƙofa.

Faransa kuwa ba ta tsaya dogon Turanci ba. Tun 2009, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na safe babu sayar da giya a gidan mai, giya mai sanyi ma ko da rana an hana.

Ni ta Faransa ta fi kwanta mini. A Ingila in ba wanda ya yi ƙorafi, dole a ba da lasisin, unguwar da ba ta lura da takardar ba ita ke kwana ido biyu.