Kwas ɗin kimiyyar netwok da na yi ta intanet: karatu mai daɗi, maki na ban haushi

Tallar kwas ɗin nan ce ta ishe ni har na yi rajista. Kullum na buɗe waya sai ta faɗo: mako takwas kacal, za ka gane yadda annoba ke yaɗuwa, yadda wuta ke ɗaukewa a rabin ƙasa, yadda jita-jita ke zagaye duniya, duk da ilimi ɗaya. Kimiyyar netwok suke kiransa. Ba netwok ɗin waya ba, kafin wani ya tambaya, don ƙanwata ta ɗauka gyaran sabis na koma koyo. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tsari mai sarƙaƙiya, a mayar da abubuwan cikinsa ɗigogi, alaƙar da ke tsakaninsu kuma zare, sai a duba yadda saƙar ta tafi maimakon a tsaya kan kowane ɗigo shi kaɗai. Sunan kamfanin ba sai na faɗa ba, masu bin irin waɗannan kwasa-kwasan sun san su, sun kuma san abin da suke karɓa.

Gaskiya makonnin farko na ji daɗi. An fara da masanin lissafi Euler da matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg a 1736, aka gangaro kan wasiƙun da Stanley Milgram ya sa aka riƙa miƙawa hannu da hannu a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, inda zancen nan na cewa mutum shida ne tsakaninka da kowa ya samo ƙarfi. Malamin bai ɓoye ba, ya ce cikin wasiƙu 296 na ɗaya daga gwaje-gwajen, 64 ne kawai suka isa hannun wanda aka nufa. Na ce madalla, ga mai faɗin abu da aibinsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Darasin da ya kama ni shi ne na kulob ɗin karate. Wani mai bincike, Wayne Zachary, ya bibiyi wani kulob a wata jami'ar Amurka, mutum 34, ya rubuta wa ke hulɗa da wa a wajen filin atisaye, zare 78. Rigima ta ɓarke tsakanin mai koyarwa da shugaban kulob a kan kuɗin darasi, kulob ya rabe biyu. A aikin da ya wallafa a 1977, lissafin saƙar kaɗai ya nuna ɓangaren da kowa zai bi, mutum ɗaya tak ya kuskure. An ba mu bayanan muka zuba a Gephi, wata manhajar zana netwok, na danna, sai ga ɗigogi suna ja da baya suna tattaruwa gida biyu a gaban idona. Ƙarfe ɗayan dare na tashi na zaga ɗaki. Ba a gaya wa kwamfutar halin kowa ba, ba ta san wa ke jin haushin wa ba, zare kawai ta gani. A daren nan da an ce in ba su tauraro, biyar zan bayar ba tare da na yi tunani ba.

To, sai aikin ƙarshe, wanda shi ne ya kawo ni rubutun nan.

An ce kowa ya samo nasa bayanan ya yi nazari. Na nemi izini a wurin aikina, aka ba ni jerin wa ya aika wa wa saƙo cikin wata uku, an goge sunaye da abin da saƙon ya ƙunsa. Mu sittin da 'yan kai ne. Mako biyu ina tsefe shi bayan an tashi aiki. Abin da ya fito ya ba ni mamaki: ɗigon da ya fi muhimmanci ba na manaja ba ne. Wani ɗigo ne mai zare 'yan kaɗan, amma kusan duk abin da zai tsallaka daga sashen sayayya zuwa sashen rarraba kaya ta kansa yake bi. Da na cire shi a kwamfuta, tazarar da ke tsakanin sassan biyu ta yi tsalle. Ko ba suna na gane ko wace ce, baiwar Allah ce mai kula da rajistar kaya, wadda ko a taro ba ta cika magana ba. Nan na tuna makon da ta yi jinya komai ya cakuɗe, muka yi ta zargin juna. Irin gadar da Mark Granovetter ya yi bayani a 1973 ce, cewa alaƙar da ake rainawa ita ce sau da yawa ke haɗa rukunin da ba sa haɗuwa.

Na rubuta rahoto ina murna. A ƙarshen fom ɗin akwai tambaya: wane irin netwok ne naka? Mun karanta aikin Barabási da Albert na 1999, mai cewa a netwok da yawa sabon shiga yakan manne wa wanda ya riga ya tara zare, har a samu 'yan tsirarun cibiyoyi masu zare jingim, saura kuma kowa da ɗan abin da ba a rasa ba. Malamin yana son wannan bayani kamar me, mako biyu cur ya yi a kansa. Amma nawa bai nuna haka ba. Yawancinmu zarenmu kusan ɗaya ne, ba wata ƙatuwar cibiya, kuma mutum sittin ma sun yi kaɗan a yanke irin wannan hukunci. Haka na rubuta, na sa zane, na kawo hujja.

Sakamako ya fito, na faɗi. Maki biyu suka rage in haye.

Da na bi diddigi sai na ga ba malami ne ke duba aikin ba, ɗalibai 'yan uwana uku ne, an ba su takardar da za su bi. A ciki an rubuta cewa idan ɗalibi ya nuna netwok ɗinsa mai manyan cibiyoyi ne a ba shi cikakken maki, in bai nuna ba a ba shi sifili a wannan sashe. Wato tun kafin a ga bayanan kowa an riga an san amsa. Ɗaya daga cikin masu dubawar har ya rubuta mini: “Aikinka ya fi nawa, amma takarda ta ce sifili, yi haƙuri.” Ban ga laifinsa ba.

Na rubuta wa masu kwas ɗin doguwar wasiƙa. Na tuna musu cewa a 2019 Anna Broido da Aaron Clauset sun gwada netwok kusan dubu na zahiri, kuma kusan kashi 4 cikin ɗari ne kawai suka nuna wannan siffa da hujja mafi ƙarfi. Na san akwai masanan da suka yi musu raddi, muhawara ce da ba a rufe ba, to ai shi ya sa bai kamata a mayar da ita tambayar e ko a'a ba. Kwas ɗin ko ambaton wannan muhawara bai yi ba. Malamin da ya faɗa mana aibin gwajin Milgram a mako na biyu, da aka zo kan abin da yake ƙauna sai ya yi gum.

Kwana goma sha tara kafin su amsa. Amsar layi uku ce: sun gode da ra'ayina, zan iya sake miƙa aikin. Wato in canza amsa in rubuta abin da bayanaina ba su nuna ba. Ana cikin wannan jiran kuma wata ya zagayo, suka sake cirar kuɗi daga katina, tunda a wajensu ban kammala ba. Zaman kai-tsaye da malami da aka yi alkawari a talla, ashe tsohon bidiyo ne na wata shekara, har ana jin ɗaliban wancan lokacin suna tambaya. Wannan ma sai yanzu da nake rubutu ya dawo mini, raina ya sake ɓaci.

Ban ce ban ƙaru ba. Darasin ɗaukewar wuta ta 14 ga Agusta 2003, yadda layukan wuta kaɗan a jihar Ohio suka taɓa bishiyoyi, nauyi ya koma kan na kusa, su ma suka faɗi bi da bi har mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu, ya canza yadda nake kallon duk wani tsari da ake cewa ba ya faɗuwa. Na kuma kai wa manajanmu zanen nan, yanzu an haɗa mai rajistar kaya da mataimaki. Sai dai Gephi kyauta ce, bayanan kulob ɗin karate ma suna nan a intanet kyauta. Abin da na biya dominsa shi ne wani masani ya duba aikina, kuma shi ne ban samu ba.

Da na fara rubutun nan tauraro uku na yi niyya. Na sake buɗe amsarsu mai layi uku, na mayar da shi biyu. Na soke cirar kuɗin wata-wata, wadda sai da na shiga shafi huɗu kafin na ga inda suka ɓoye maɓallinta. Takardar shaidar tana can a kulle, ni kuma ban sake miƙa aikin ba.