Kayan gwajin saurin haɗuwar sinadarai: wanne malami zai saya a Zariya?

Malamin kimiyya da ke son ɗalibansa su gani da ido yadda zafi da ƙarfin sinadari ke sauya saurin haɗuwa yana da zaɓi huɗu, kuma kuɗin da makaranta ke warewa ba ya ɗaukar duka. Wanda ya fi dacewa da ɗakunan gwajinmu shi ne sodiyam tayosalfet da asid haidurokulorik.

Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar sirinjin tara iska. Kwalbar gwaji, farar takarda da aka zana wa alamar X, agogon waya da ma'aunin zafi sun wadatar. A narka giram 40 na tayosalfet a ruwa ya cika lita ɗaya. A ɗebi mililita 50 a ɗora kan takardar, a zuba mililita 5 na asid mai ƙarfin 2M (awon ƙarfin sinadari ne, wato mol biyu a kowace lita), a leƙa ta sama. Ruwan zai fara gauraya kamar an ɗiga masa madara, ya koma ruwan ƙwai saboda farar wuta da ke fita, har alamar ta ɓace cikin ƙasa da minti ɗaya. A surka tayosalfet ɗin rabi da rabi da ruwa, lokacin zai kusan ninkawa. A ɗumama shi da digiri 10, lokacin zai ragu kusan rabi. Shi ya sa sakamakon safiyar hunturu a Samaru ba zai yi daidai da na tsakar rana a watan Afrilu ba. Dole a rubuta zafin ruwan kowane zagaye. Giram 500 na tayosalfet zai ba da fiye da lita 12. Kuma akwai ƙari: lokacin narka shi kwalbar sanyi take yi a hannu, ga darasin haɗuwar da ke zuƙe zafi ya samu a kyauta. Aibinsa shi ne iskar salfa dayoksaid mai shaƙe maƙogwaro. A buɗe tagogi, kada a ɗumama ya wuce digiri 55, mai ciwon asma ya ja baya.

A cikin sauran zaɓi ukun, tsakuwar marmara da asid tana da kyau wajen nuna bambancin gari da dunƙule, amma tana son sikeli mai auna har 0.01 na giram, kuma ba kowace makaranta ke da shi ba. Zirin magniziyam tsada gare shi, ga dusashewa a ajiye, sai an goge shi da takardar gurza. Feroksaid na kemis kuwa zafi da haske na kashe shi tun yana kan kanta.

Matsalar tana wurin saye. Ko a Sabon Gari ne ko odar Kano ko Kaduna, farin sinadari mai kama da ƙanƙara duk kamanninsa ɗaya a leda, kuma alif na tace ruwa da gishirin Ingila sun fi tayosalfet araha nesa ba kusa ba. Kada a karɓi wanda aka ƙulla a leda babu suna. A duba Na2S2O3·5H2O a jikin kwalba, da lambar 248 ta nauyin mol ɗaya, da murfin da ba a taɓa ɓalle ba. Lakabi ma ana bugawa, don haka a gwada a gaban mai kaya: a narka ɗan kaɗan a ruwa, a ɗiga masa aidin na wanke ciwo. Na gaske yana ɗauke launin aidin nan take, ruwan ya koma garau. Alif ba zai yi haka ba. Tayosalfet ɗin da ya dunƙule kamar dutse kuma ya sha zafi ne a shago, don yana narkewa a digiri 48. Irinsa awonsa ba ya zama daidai.

Asid ne aka fi ha'inci da shi, saboda surki ba ya nunawa a ido. Na ainihi mai kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari yana hayaƙi in an buɗe, kuma mililita 100 na da nauyin giram 118 ko kusa. In ya tsaya a giram ɗari da 'yan kai, ruwa aka sayar maka, Malam. Mililita 170 ake zubawa a cikin ruwa a cika lita don samun 2M, asid a kan ruwa, ba ruwa a kan asid ba. Gwaji na biyu: a haɗa mililita 25 na wannan da mililita 25 na kostik soda da aka narka giram 80 a lita, cikin kofin roba. Zafi ya kamata ya hau da kusan digiri 13. In ya tsaya a 7 ko 8, ko dai asid ɗin surki ne ko kostik ɗin ya sha iska ya jiƙe.

Sai ruwa. Wasu na sayen ruwan batir a madadin tataccen ruwa, alhali wani akwai asid a ciki. Tayosalfet zai gurɓace tun kafin ɗalibai su shigo. A gwada ruwan da takardar litimos mai nuna asid tukuna. Ma'aunin zafi kuma a ɗauki mai jan ruwa wanda ya kai digiri 110, a bar mai zaiba, don in ya fashe a aji kwashe shi aiki ne. A tsoma guda uku a kofi ɗaya kafin a biya. Wanda ya saɓa wa sauran da fiye da digiri ɗaya a mayar wa mai shi.