Takunkumin N95 a Wurin Aikin Ƙura: Ƙarfinsa da Iyakarsa

Takunkumin N95 mai siffar ƙoƙo, wanda ake ɗaurawa da robobi biyu ta bayan kai, shi ne nake sawa a wurin yankan tayil da dutse, kuma a ganina ya cancanci a saye shi, muddin mai shi ya san yadda ake zaunar da shi a fuska. Ma'aunin da NIOSH, hukumar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta kafa a 1995 ya tanadi cewa sai ya tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman kusan maikiron 0.3 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), yayin da takwaransa na Turai, FFP2, yake tsayawa a kashi 94.

Ƙurar da ido yake gani tana tashi ba ita ce mafi haɗari ba, domin gashin hanci da majina suna kama mafi yawanta, sannan ƙananan gasusuwan da ke cikin hanyoyin numfashi su turo ta sama a tofar ko a haɗiye. Wadda ta gaza maikiron 2.5 ce take wucewa har cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu, inda jini yake karɓar iskar da muke shaƙa, kuma kaurin silin gashin mutum ya ninka ta kusan sau talatin. Idan ƙurar silika ce, wadda ke fita daga dutse da yashi da kankare, ƙwayoyin garkuwar jiki suna haɗiye ta amma ba sa iya narkar da ita, sai su mutu, wurin ya kumbura, a hankali tabo ya maye gurbin naman huhu mai taushi. Wannan ita ce cutar silikosis, wadda ba ta da magani, tana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar sana'ar, kuma tana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Tun 1997 IARC, hukumar binciken ciwon daji ta duniya, ta sanya wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. A farkon shekarun 1930 ɗaruruwan ma'aikata sun mutu da ita bayan haƙar ramin Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, inda aka riƙa fasa dutse a bushe.

Bambancin da na gani tsakaninsa da takunkumin yadi a fili yake. Da na yadi, idan aka tashi daga aiki aka fyace hanci, majinar takan fito da launin toka. Da wannan kuwa bayansa ne yake yin fari fat da ƙura, cikinsa da hancin su kasance da tsabta. Sirrin yana cikin siraran zaruruwan roba da aka cusa musu cajin lantarki mai jawo ƙura, shi ya sa wanke shi da ruwa da sabulu yake kashe amfaninsa ko da ya fito kamar sabo.

Sai dai duk ingancin matatar ba ya hana iska bi ta gefe idan akwai kafa. Wajibi ne a danna ƙarfen da ke kan karan hanci da yatsun hannu biyu, roba ɗaya ta hau saman ƙeya ɗaya kuma ta zauna a wuya ƙasan kunne, sannan a rufe shi da tafukan hannu a hura iska da ƙarfi. Idan tabarau suka yi raɓa ko aka ji iska a kumatu, bai zauna ba. Gemu, ko da na kwana kaɗan ne, yana ɗaga bakinsa daga fata, don haka mai gemu ya fi dacewa da hular nan mai rufe kai gaba ɗaya da injin tura iska, kuma abin takaici ne yadda masu sayarwa ba safai suke faɗin haka ba.

N95 yana da zafi, gumi yana taruwa a haɓa, kuma yana barin shaida a karan hanci. Idan numfashi ya fara nauyi, ya toshe ke nan, sai a jefar. Mai bawul, wato ƙaramar ƙofar fitar da numfashi, ya fi sauƙin numfashi, amma ba ya tace iskar da mai shi yake fitarwa, saboda haka bai dace da mai tari a cikin mutane ba. N95, mai bawul ko marar bawul, ba ya tare tururin fenti ko iskar gas mai guba ta hayaƙin inji. Na jabu ma sun yi yawa, kuma na gaskiya yana ɗauke da lambar amincewa da ta fara da TC-84A a jikinsa.

Ina ba da shawararsa ga masu yankan dutse da kafintoci da magina, tare da roƙon su riƙa zuba ruwa a bakin injin yanka, domin rage ƙurar tun daga tushe ya fi dogaro da takunkumi shi kaɗai.