Etymonline a kan sikeli: gwaji da kalmar "nice"

Etymonline shafin intanet ne na kyauta da wani Ba'amurke, Douglas Harper, ya buɗe a 2001, kuma aikinsa ɗaya tak: bin salsalar kalmomin Ingilishi. Mai son ganin ƙarfinsa da rauninsa ya gwada shi da "nice", sifar nan da kowane ɗan koyo ya sani da ma'anar mai kyau, mai daɗi ko mai kirki.

Rubuta ta a gurbin bincike, ka duba wadda ke da alamar "adj.", wato sifa. Layin farko ma ya isa ya ba ka mamaki. A ƙarshen ƙarni na 13, wanda aka kira "nice" zaginsa aka yi: wawa, jahili, marar tunani. Ingilishi ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gada daga "nescius" na Latin, haɗin "ne" mai kore zance da "scire", sani. Marar sani ke nan. Daga "scire" ɗin nan "science" ta fito, ashe kimiyya da wauta nono ɗaya suka sha.

Inda shafin ya yi zarra shi ne yadda yake bin rikiɗar ma'ana da shekarunta. A ƙarshen ƙarni na 14 kalmar ta koma kan mai tsirfa, wanda komai sai ya ga aibunsa. Wajen 1400 ta zama abu mai laushi da ake lallaɓawa, a ƙarni na 16 kuma abin da aka auna daidai wa daida. Sai a 1769 "mai daɗi" ta bayyana, "mai kirki" ta biyo baya a 1830. Ma'anar ƙarni na 16 ɗin nan ba ta mutu ba: "a nice distinction" na nufin siririn bambanci da sai an sa ido ake gani. Mai fassarar da ya rubuta "bambanci mai kyau" ya kauce hanya.

Gajerun alamominsa ne ke ka da baƙo. "13c." ƙarni na 13 ne, daga 1201 zuwa 1300, amma "c. 1400" na nufin wajen shekarar 1400, harafi ɗaya, aiki biyu, sai an lura ko gaban lamba yake ko bayanta. Shekarun su ma na rubutu mafi tsufa ne da aka samu, kalmar kan riga haka yawo a bakin mutane. Tauraro (*) a farkon kalma kuwa alama ce ta cewa masana ne suka hasasho siffarta, ba a taɓa ganinta a rubuce ba.

Babban gibinsa: ba ya koya maka amfani da kalmar a yau. Ba nan za ka koyi cewa "nicer" da "nicest" ake faɗa ba, ko cewa "nice to him" an kyautata masa ne, alhali "nice of him" shi ya kyauta. A "nice and warm" ɗumin ake yabawa, ba abu biyu ake lissafawa ba. Balle gatse, inda mutum zai ga ɓarna ya ce "nice". Kada kuma a haɗa ta da birnin Nice na Faransa: sifar "nais" ake furtawa, birnin "Nis", sunansa daga Nikaia na Girkanci.

Ga tallace-tallace da ke tsinka karatu, bayanin kuma a dunƙule yake, sai an bi a hankali. Ɗalibi ya haɗa shi da Oxford Advanced Learner's Dictionary don furuci da misalan jimloli. Mai rubuta kundin bincike kuwa ya sani shafin daga wasu ƙamusoshi ya tattaro bayanansa, don haka ya tabbatar da shekarun a Oxford English Dictionary, wanda cikakkensa sai da kuɗin rajista.