DaVinci Resolve na kyauta wajen tace bidiyon waƙa

A fim, hoto ne ke gaba, kiɗa ya biyo shi a baya. A bidiyon waƙa kuwa an riga an gama waƙar tun kafin a kunna kyamara, tsawonta ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, hoton ne zai zo ya nemi mazauni a jikinta. Da wannan ma'auni ya kamata a auna manhajar tacewa, kuma da shi za a auna DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design, nau'in da ake saukewa kyauta.

Andrew Goodwin, a littafinsa Dancing in the Distraction Factory na 1992, ya kasa alaƙar hoto da waƙa gida uku. Akwai hoton da ke nuna abin da baitin ya faɗa kai tsaye. Akwai wanda ke ƙara wa baitin wata ma'ana ba tare da ya saɓa masa ba. Akwai kuma wanda ke barin kalmomin ya kama tasa hanyar. Ya kuma lura cewa kamfanonin waƙa na matsa wa a riƙa nuna fuskar mawaƙi daga kusa, domin ita ake sayar wa masu kallo. Duk waɗannan shawarwari ne da ake yankewa a teburin tacewa, saboda haka abin dubawa shi ne yadda manhajar ke sauƙaƙa su ko take dagula su.

Inda Resolve ya fi burgewa shi ne haɗa ɗauka da yawa a kan waƙa ɗaya. A ce an ɗauki mawaƙi yana mamin, wato yana bin waƙar da baki, sau takwas a wurare uku. Sai a zaɓi dukkan ɗaukar tare da asalin waƙar a rumbun fayiloli, a danna dama, a ƙirƙiri Multicam, wato fayil ɗaya mai haɗa dukkan ɗaukar, a ce ya daidaita su ta sauti. Manhajar za ta kwatanta sautin da makirfon kyamara ya kama da na asalin waƙar ta jera su. Daga nan ana kunna waƙar, ana danna 1, 2, 3 a allon rubutu, hoto na sauyawa nan take. Dole a saita shi ya riƙa sauya hoto kaɗai, in ba haka ba duk yanka zai ɗauko gurɓataccen sautin kyamara ya maye gurbin waƙar.

Daidaitawar takan ƙi, kuma galibi laifin wurin ɗauka ne. Idan lasifika ta yi ƙara har makirfon ya cushe, ko iska ta yi yawa, manhajar ba ta samun abin kwatantawa. Maganinsa a sa ƙyas-ƙyas huɗu masu kaifi a farkon waƙar da za a kunna a wurin ɗauka, ko da hannu ma a iya jerawa a kansu. Sai nisa: sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ke nesa da mawaƙi da mita 14 tana jinkirta leɓensa da firam ɗaya, wato hoto guda cikin jerin hotunan bidiyo, a ma'aunin firam 24 a daƙiƙa. Firam ɗaya ba kowa ke gani ba, amma uku a ɗaukar kusa kowa zai ji wani abu bai zauna ba. Hoton waya kuma yakan zo da adadin firam mai hawa da sauka, sai a ga leɓe ya dace a baitin farko, ya zame kafin amshi na ƙarshe. A juya irin wannan fayil zuwa tsarin bidiyo na DNxHR ko ProRes mai tsayayyen adadi kafin a shigo da shi.

Akwai tarko guda da ke cin sababbin hannu. Adadin firam na layin aiki, wato inda ake jera hotuna da sauti, yana kullewa da zarar an zuba hotuna a kansa. Wanda ya fara da 24 alhali ya ɗauka da 25 sai ya buɗe sabon layi. A saita wannan kafin komai.

Yanka a kan bugun kiɗa abu ne mai sauƙi a nan: a zaɓi waƙar, a kunna, a riƙa danna M a kan kowane bugu, alamomi su jeru, yanka kuma ya riƙa mannewa a jikinsu. Lissafin ma a fili yake. Waƙa mai bugu 120 a minti tana ba da bugu ɗaya duk rabin daƙiƙa, wato firam 12 a ma'aunin 24. Mai bugu 100 kuwa firam 14.4 ne, ba ya raba daidai, don haka wanda ya yanka hotunansa firam 14 a jere zai tarar ya riga kiɗan da firam huɗu bayan bugu goma. Kunne da alamomi za a bi, ba ƙidaya ba.

Sai dai wannan sauƙi shi ne babban haɗarin manhajar, kuma abin takaici ne yadda ake ganin sakamakonsa a bidiyoyi da yawa. Mai tacewa ya ga alamomi a jere, sai ya yanka a kan kowace ɗaya. Kafin a kai amshi na farko mai kallo ya riga ya san lokacin da hoto zai sauya, idonsa ya daina jira. Carol Vernallis, wadda ta yi nazarin tace bidiyon waƙa a littafinta na 2004, ta nuna cewa yanka a irin wannan aiki yana bin sassan waƙar daban-daban, wani lokaci murya, wani lokaci wani kayan kiɗa, kuma yakan fito fili da gangan maimakon ya ɓuya kamar a fim. A aikace, alamomi masu launi daban-daban su ne mafita: launi ɗaya ga farkon baiti, wani ga amshi, wani ga inda mawaƙi ke jan numfashi. A bar hoto ya daɗe a cikin baiti, bugu takwas ko sha shida, a ajiye saurin yanka da ɗaukar kusa har sai amshi ya shigo. Fuskar da aka yi ta nunawa tun daƙiƙar farko ba ta da sauran nauyi a inda ake buƙatarta.

Shafin Color, inda ake gyara launi, shi ne asalin sana'ar Resolve, kuma a nan ake samun nau'i na biyu na Goodwin, mai ƙara wa baiti ma'ana, cikin arha. Ana iya tara duk hotunan labari a rukuni ɗaya, na mamin a wani rukuni, a ba kowanne launinsa, mai kallo ya gane duniya biyu ce ba tare da an gaya masa ba. Gyara ɗaya a rukuni yana shafar duk hotunan da ke cikinsa.

Nau'in kyauta yana fitar da aiki har girman 3840 da 2160, firam 60 a daƙiƙa, wanda ya ishi YouTube. Abin da ya rasa kuwa yana taɓa bidiyon waƙa sosai. Cire yashi-yashin hoton dare, da Magic Mask mai ware mutum daga bayansa, da Smart Reframe mai bin mawaƙi idan za a mayar da hoto tsaye don waya, duk na nau'in Studio ne da ake saye. A na kyauta sai a buɗe layin 1080 da 1920 a gyara zaman kowane hoto da hannu. Manhajar kuma tana da nauyi. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ƙasa da gigabait 16 za ta riƙa sarƙewa idan ɗauka takwas na gudu tare, kuma ba a iya jin dacewar yanka da bugu a hoton da ke tsalle. A sa manhajar ta samar da ƙananan kwafin aiki tukuna, a tace da su, ta koma kan asalin hotunan lokacin fitarwa. Mai yawan ɗaukar dare ko fitilun dandamali shi ne zai fi ganin amfanin sayen Studio.